Masu Karanta Allurar Soson Teku

Daga Sakkwato zuwa Bodinga, daga nan a miƙe kudu zuwa Shagari, ba abin da matafiyi zai gani da zai tuna masa teku. Jar ƙasa ce da marmara, gonakin gero da wake, sai fadama nan da can. Gaɓar teku mafi kusa tana can wajen Legas, fiye da kilomita 700 ko da tsuntsu ne ya yi tafiyar. Amma masana duwatsu sun daɗe da tabbatar da cewa ƙasar nan gindin teku ce a da. Bisa lissafinsu, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani hannun teku mai ɗumi, marar zurfi, ya ratso Sahara ya kwanta a kan kwarin Sakkwato. Lakar da ya bari ita ce shimfiɗar da suka raɗa wa sunan Dange, maƙwabciyar Bodinga ta gabas, inda ake tono jifsam da dunƙulen fosfet. Farin dutsen da ya hau kanta shi ne na Kalambaina, wanda masana'antar siminti ke ci tun 1967. A cikin waɗannan shimfiɗu an tsinci haƙoran kifin shak da ɓawon kawa da bushiyar teku da ta zama dutse. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta girme su, an tono wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda Goronyo, da wani kada da aka kira Sokotosuchus a 1975.

Wancan teku ya janye tuni. Tekun ɗumi da mutanenmu suka sani da ƙafarsu shi ne Bahar Maliya, wanda alhazan ƙasa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda bayan tafiyar watanni ko shekaru. A ƙarƙashin jiragen ruwan da suka ɗauke su, a jikin duwatsun murjani, akwai wata halitta ja wur mai rassa kamar yatsu, manne wuri ɗaya, ba ta motsi. Kifaye suna kewaye ta ba sa taɓa ta. In aka matse ta sai ta fitar da wani jan ruwa, kifayen da ke kusa su watse. Sunanta a littafin masana Negombata magnifica, kuma soson teku ce. Ba ta haɗa komai da soson da ke yaɗo a kan danga a Bodinga ba, wanda ɗan kabewa ne da duma, ana barinsa ya bushe a ɓare a yi wanka da shi. Soson teku dabba ne. Mutanen da suka iya duban irin wannan dabba su faɗi danginta da jinsinta ba su da yawa a duniya, kuma aikinsu na daga cikin ayyukan hannu da ido da suka fi burge ni a dukan fagen nazarin halittu.

Wahalar aikin daga jikin dabbar take farawa. Soso ba shi da kai, ba baki, ba hanji, ba zuciya, ba jijiya. Abin da yake da shi hanyoyin ruwa ne. Fatarsa cike take da ƙofofi ƙanana waɗanda ido bai cika gani ba. Ruwa yana shiga ta nan, ya bi magudanai masu ƙara sirancewa, har ya faɗa cikin wasu ɗakuna 'yan mitsi-mitsi. Bangon kowane ɗaki jere yake da wasu ƙwayoyin halitta masu kwala: kowace tana da zare guda da take kaɗawa dare da rana, kewaye da zaren kuma akwai zoben gashi siriri mai tace ruwa. Kaɗawar miliyoyin zaruruwan nan ce ke jan ruwa cikin jiki. Bakteriya da ɓarɓashin abinci su maƙale a ci, ruwan ya wuce zuwa manyan magudanai, ya fita ta manyan ramukan da ake gani a saman jiki. Waɗannan ramuka, da baƙo zai ɗauka bakuna ne, mafita ce ba mashiga ba. Da wannan tsari soso guda yakan tace ruwa ninki dubbai na girman jikinsa a kwana ɗaya.

Tsakanin fata da ɗakunan akwai wani nama mai yauƙi, a cikinsa ƙwayoyin halitta suna yawo, wasu suna kai abinci, wasu suna iya rikiɗa su zama kowace irin ƙwaya da jiki ke bukata, wasu kuma aikinsu gina ƙashi.

An daɗe ana gardama ko wannan abu tsiro ne ko dabba. Robert Grant, likita a Edinbara wanda Charles Darwin ya yi karatu a wajensa, shi ne a 1825 ya sa ɗanyen soso cikin ruwan teku a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ruwa na feshowa daga manyan ramukan ba ƙaƙƙautawa, ya bi sawu har ya gane ta ƙananan ƙofofi yake shiga. Shi ne kuma a 1836 ya ba dukan zuriyar sunan da take amsawa har yau, Porifera. A 1907 wani Ba'amurke, Henry Wilson, ya yi gwajin da har yanzu ake ba ɗalibai labari: ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ya zama ruwan ƙwayoyi a warwatse, ya bar su a kwano, sai ƙwayoyin suka rarrafa suka nemi juna suka dunƙule, suka fara gina sabon soso.

Dabbar da jikinta ke da sauƙin sake tsari haka ba ta riƙe siffa ɗaya. Nau'i guda, in ya tsiro inda igiyar ruwa ke dukansa, sai ya shimfiɗu a jikin dutse. In ya samu lungu mai natsuwa sai ya miƙe ya yi rassa. Launinsa kan sauya tsakanin wuri mai haske da kogo. Nau'i biyu da ba su haɗa dangi ba kuma sai su fito ja iri ɗaya, rassa iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Ga shi da zarar an tsoma soso cikin sifirit don adanawa, launin yakan zube cikin kwalba, abin da ya rage ya zama fari-fari ko ruwan ƙasa. Wanda ya shiga ɗakin ajiyar wani babban gidan tarihi zai tarar da dubban kwalabe, kowace da dunƙulen abu marar fasali. Mai wannan sana'a daga nan yake fara aiki.

Abin da yake nema ƙashi ne. Mafi yawan ire-iren soso suna gina ƙashinsu da wasu allurori ƙanana na silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Wasu da allurorin farar ƙasa. Wasu kuma da zaruruwa masu tauri da laushi, irin waɗanda ke saura a soson wanka na teku da masu nutso na Girka da Tunisiya ke cirowa. Siffar jiki tana yaudara, amma allurar kowane nau'i tana fitowa a kan ƙira ɗaya, ƙwayoyin halitta ne ke zuba ta bisa gadon da suka samu. Bodinga gari ne da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a zamanin da Shehu yake Sifawa, kuma shi ne mai littafin Hisnur Rasin a kan ilimin sarfu. Duk almajirin da ya zauna gaban malamin sarfu ya san yadda ake yi: ba a ruɗuwa da tufafin kalma, sai a tuɓe mata ƙari na gaba da na baya, a fito da baƙaƙen asali, a ɗora su a ma'auni, sannan a faɗi babinta. Haka mai tantance soso yake yi, sai dai shi nama yake tuɓewa.

Aikin yana somawa tun a cikin ruwa. Kafin a yanke komai sai a ɗauki hoto inda dabbar take, a rubuta zurfin wurin da irin dutsen da ta manne wa. In an fito da ita, gwani yakan taɓa ta da yatsa: tana da taushi ko tauri, tana yagewa ko tana karyewa, tana komawa yadda take bayan an matsa ko tana lotsewa, tana fitar da yauƙi ko kuwa. Yakan sansana, don wasu jinsunan suna da wari nasu na daban. Yakan lura ko launin ya sauya da shan iska, domin akwai masu ruwan ɗorawa da ke komawa baƙi-baƙi cikin ɗan lokaci. Duk wannan sai an rubuta nan take, saboda kwalba ba ta ajiye shi. Sannan a yanki ɗan yanki, kuma wajibi ne yankin ya haɗa da fata da kuma cikin jiki, don akwai allurorin da a fata kawai suke zaune. Wanda ya ɗebo tsakiya ya bar fata ya bar rabin shaidarsa a teku.

A ɗakin gwaji ana raba yankin biyu. Kashi na farko don allurori ne. A yanki ɗan guntu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a sa a ƙaramar kwalbar gwaji, a zuba masa ruwan bilic irin wanda ake wanke fararen kaya da shi, ko a tafasa shi cikin asid ɗin naitirik. Naman ya narke, allurorin su kwanta a ƙasa kamar farar ƙura. Nan ma akwai sani: in soson na allurar farar ƙasa ne, asid zai cinye allurorin gaba ɗaya, mutum ya wayi gari da kwalba babu komai, don haka irin wannan sai bilic. Bayan narkewa sai wanki. A bar ƙurar ta kwanta, a tsotse ruwan sama a hankali, a zuba ruwa mai tsabta, a sake jira, a sake tsotsewa, sau da yawa, a ƙarshe a wanke da sifirit. Gaggawa a nan ita ce babbar asara. Manyan allurori suna nutsewa da wuri, amma ƙananan, waɗanda sau da yawa su ne ke yanke hukunci, suna daɗewa suna yawo a ruwan. Mai hanzari zai zubar da su da hannunsa, ya duba madubi ya rantse babu su, ya kai dabbar dangin da ba nata ba. Idan an gama, a ɗiga ɗigo a kan fallen gilashi, a bar shi ya bushe, a rufe da ƙaro mai haske.

Kashi na biyu don ganin yadda aka jera allurorin ne a cikin jiki. Da reza ake yanka, da hannu, a fitar da yanki siriri daga fata zuwa ciki, wani kuma a kwance tare da fata. Kada ya yi kauri haske ya kasa ratsawa, kada kuma ya yi sirantar da ginin zai rushe. Hannu ne ke koyon wannan, ba a karanta shi a littafi. A madubi sai tsarin ya bayyana: wani raga ce mai ido uku-uku ko huɗu-huɗu, wani damuna ne na allurori da ke tashi daga gindi suna rarrabuwa, wani duk allurorinsa daga tsakiya suke fitowa suna nuna waje, wani kuma a warwatse suke ba tsari, kuma rashin tsarin kansa alama ce.

Sai karatu. Wanda ya fara leƙa wannan gilashi yakan yi shiru, don abin da ke ciki ya fi ƙarfin abin da ya zata. Akwai allura mai tsini a kai biyu. Akwai mai tsini ɗaya, ɗaya kan a dakushe. Akwai mai tsini ɗaya da ƙulli a ɗaya kan. Akwai mai dogon jiki da ƙafa uku a ƙarshe, wani lokaci ƙafafun sun lanƙwaso baya. Waɗannan su ne manya, tsawonsu daga maikiromita ɗari da wani abu har zuwa dubbai, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙananan su ne abin kallo: taurari masu tsinaye, ƙugiyoyi, masu lanƙwasa biyu, masu siffar baka, sanduna masu ƙaya, da wasu masu farata a kai biyu waɗanda in an gan su an san rukunin da ake ciki. Kowace siffa da sunanta, kuma a 1997 Nicole Boury-Esnault da Klaus Rützler suka tattara kalmomin sana'ar cikin ƙamus guda mai zane, don wanda ke Brazil da wanda ke Japan su riƙa nufin abu ɗaya in sun faɗi kalma ɗaya. Ganin siffa kuma bai wadatar ba. Daga kowace iri sai an auna ashirin ko talatin, tsawo da kauri, a rubuta mafi gajarta da matsakaiciya da mafi tsawo. Sau da yawa abin da ya raba nau'i biyu bai wuce wannan ba: a ɗaya allurorin girma ɗaya suke, a ɗayan sun kasu manya da ƙanana ba tsaka-tsaki.

Inda gwaninta take fitowa fili shi ne wajen sanin abin da ba za a yarda da shi ba. Soso yana zaune cikin ruwan da ke ɗauke da allurorin matattun maƙwabtansa, yana tsotso su, wasu jinsunan ma da gangan suke tara yashi da allurorin wasu su gina jikinsu da su. Saboda haka ba duk abin da ke kan gilashi ne na mai gida ba. Gwani yakan lura cewa baƙuwar allura ɗaya ce ko biyu a dukan gilashin, ko a karye take, ko ruwa ya cinye gefenta, sannan ya koma yankin reza ya duba ko tana da mazauni a cikin ginin. Wani tarkon kuma daga ruwan kansa yake. A 1999 Manuel Maldonado da abokan aikinsa a Sifen suka nuna cewa wani jan soso na Bahar Rum, Crambe crambe, in aka rene shi a ruwa mai yalwar silika, yakan fitar da ire-iren allurorin da ba a saba ganinsu a jikinsa a teku ba. Ke nan rashin wata allura ba kullum yake nufin nau'in ba ya yin ta ba. Ga kuma waɗanda ba su da allura ko ɗaya, irin soson wanka, inda dole a koma kan zaruruwa: kaurinsu, yadda suka sarƙe, ko akwai yashi a cikinsu, ko suna da ɓargo. Masu sana'ar da kansu suna ɗaukar waɗannan cikin mafiya wuya.

Jan soson Bahar Maliya ya bi ta hannun irin waɗannan mutane fiye da shekara ɗari kafin ya samu mazauninsa na yanzu. Conrad Keller, masanin dabbobi daga Siwizalan, shi ne ya fara bayyana shi a 1889 cikin aikinsa kan soson Bahar Maliya. Ya ga ƙananan sanduna masu zoben ƙaya a jikinsa, sai ya sa shi a jinsin Latrunculia, wanda aka kafa tun 1869 don ire-iren soso masu ƙananan sanduna da aka jera wa faya-fayai. Ba za a ce Keller ya yi sakaci ba. Da madubin zamaninsa kamannin a fili yake. A 1936 Max de Laubenfels ya kafa jinsin Negombata, amma sunan Latrunculia magnifica ya ci gaba da yawo a rubuce-rubuce shekaru da dama. Sai a 1995 Michelle Kelly-Borges da Jean Vacelet suka sake zama a kan wannan rukuni, da madubin lantarki mai nuna ƙayar kowace sanda dalla-dalla, suka tsefe iyakokin jinsin. Bambance-bambancen da ke ɓoye suka fito. Manyan allurorin Latrunculia na ainihi galibi masu tsini ɗaya ne, na jan soson kuwa kawunansu biyu iri ɗaya ne. Ƙananan sandunan wancan faya-fayai gare su, suna tsaye a jere a fata, na wannan ƙayoyi ne. Wancan yawanci kore ne ko ruwan ƙasa mai duhu, mazaunin ruwan sanyi ne irin na Afirka ta Kudu da Niyuzilan da Antatika; wannan ɗan ruwan ɗumi ne. A 2002 Kelly da Toufiek Samaai, masani ɗan Afirka ta Kudu, suka fitar da Negombata daga dangin Latrunculiidae ɗungum, suka sa shi a Podospongiidae.

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne a ciki, in an sauya wa wani jan abu a gindin teku suna? Amsar tana cikin jan ruwan nan da ke korar kifi. A 1975 masu bincike a mashigin Aƙaba suka nuna guba ce mai kashe kifi. A 1980 Yoel Kashman da abokan aikinsa suka fito da tsarin sinadarin, suka kira shi latrunculin, bisa sunan da dabbar ke amsawa a lokacin. A 1983 Ilan Spector da su Kashman suka fara gano abin da yake yi: yana kama wani furotin mai suna aktin, wanda da shi ƙwayar halitta ke gina turakun cikinta, ya hana shi harhaɗuwa, sai ƙwayar ta saki jiki ta rasa siffarta. Tun daga nan ya zama kayan aiki a ɗakunan gwaji na duniya, ga duk mai son sanin yadda ƙwaya ke motsi da rabuwa, har da masu nazarin sankara. Wanda ya bi tsohon suna ya je ya ɗebo Latrunculia na gaskiya daga ruwan sanyi yana neman wannan sinadari, wani daban zai tarar, wanda ake kira discorhabdin. Sinadarin ya goyi bayan abin da allura ta faɗa. Kuma wannan ba shi kaɗai ba ne. Daga wani soson Karibiyan Werner Bergmann ya ciro sinadaran da suka buɗe hanyar cytarabine, maganin sankarar jini da aka amince da shi a 1969. Daga wani na gaɓar Japan, Halichondria okadai, aka samo tushen eribulin, maganin sankarar mama da aka amince da shi a 2010. A kowane ɗaya, in ba a san takamaiman wace dabba aka ɗebo ba, ba mai iya komawa ya ɗebo ta karo na biyu.

Yau an san nau'in soso fiye da 9,000, an kasa su aji huɗu. Mafi girma nesa ba kusa ba shi ne Demospongiae, inda jan soson namu da soson wanka suke. Sai Calcarea masu allurar farar ƙasa, da Hexactinellida masu allurar gilashi mai tsini shida, mazauna zurfin teku, da ƙaramin aji Homoscleromorpha da aka ware a 2012. Babban littafin sana'ar, Systema Porifera, mai juzu'i biyu, ya fito a 2002 ƙarƙashin John Hooper da Rob van Soest. Bai daɗe ba binciken DNA ya fara girgiza shi. A 2015 Christine Morrow da Paco Cárdenas suka sake tsara ajin Demospongiae, suka rushe tsofaffin rukunai irin su Halichondrida da Hadromerida, domin ya bayyana cewa allura mai sauƙin siffa takan fito a zuriyoyi daban-daban ba tare da sun gaje ta daga kaka ɗaya ba, wata zuriyar kuma takan yar da allurar da kakanninta ke da ita.

Akwai masu ganin wannan ya kawo ƙarshen zamanin madubi. Ban yarda ba. Kowane suna a wannan fage yana rataye ne a jikin samfuri guda na asali da ke ajiye a wani gidan tarihi, a Landan ko Faris ko Balin, da yawansu tun ƙarni na 19, wasu an jiƙa su da sinadaran da ke lalata DNA. Hanyar da za a haɗa sabon abin da aka ciro jiya da wancan tsohon suna ita ce a ɗora allura kusa da allura. Jerin DNA da aka liƙa wa sunan da ba daidai ba kuwa ya fi rashinsa illa, don duk wanda ya zo baya zai kwafi kuskuren yana ganin ya dogara da na'ura. Abin da DNA ta yi shi ne ta koya wa masu madubi waɗanne alamomi ne abin dogaro, waɗanne ne masu ruɗi. Gwanayen yau da hannu biyu suke aiki, madubi da DNA, kuma abin da ke damun fagen shi ne masu iya hannun farko suna tsufa, masu koyo ba su da yawa.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, ko da ba mu da teku. Soso ba a ruwan gishiri kaɗai yake ba. Akwai nau'i wajen 250 da ke zaune a koguna da tafkuna, kuma Afirka tana da nata. A 2009 Renata Manconi da Roberto Pronzato suka wallafa kundin soson ruwan daɗi na nahiyar ta hannun gidan tarihin Tervuren na Beljiyam. Kogin Kwara, wanda gulbin Sakkwato ke zuba ruwansa a ciki, yana da su tun da daɗewa: a 1989 Susan McIntosh da Kevin MacDonald suka ba da rahoton allurorin soso a cikin gutsattsarin tsofaffin tukwane daga ƙasar Mali. A gaɓar Farin Nilu a Sudan da kuma Amazon an samu maginan tukwane da ke cakuɗa soson kogi cikin yumɓu don ƙara masa ƙarfi. Kayan aikin tantancewar kuma ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba, ko ma na makarantar sakandare mai madubi ɗaya mai kyau: reza, bilic, sifirit, fallen gilashi, da ma'aunin da ake sa wa a idon madubi. Wurin nema ma bai yi nisa ba, ga madatsar ruwa a gefen garin Shagari.

Irin waɗannan wurare masu neman soson ruwan daɗi suke fara dubawa: ƙarƙashin duwatsu, jikin itacen da ya daɗe a nutse, ginshiƙin gada, bangon madatsa. Ɗanye yakan zama shimfiɗa mai laushi, kore in yana samun rana saboda gansakukar da ke zaune cikin jikinsa, fari-fari in yana inuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya ya bar wani busasshen ɓawo mai kaushi a jikin dutse ko reshe. A gindin ɓawon ake neman wasu ƙwayoyi masu tauri da ba su kai milimita ɗaya ba. Su ne dabarar dabbar ta tsallake fari: takan tattara ƙwayoyin halittarta cikin kwanso, ta yi masa sulke da wasu allurori na musamman, jikin ya mutu, kwanson ya jira damina. Allurorin sulken nan sun sha bamban da na sauran jiki, wasu sanduna ne masu ƙaya, wasu kuma sanda ce da faifai a kowane kai, kuma a kansu aka gina yawancin rabe-raben soson ruwan daɗi. Don haka mai ɗiba ya kankaro har da abin da ke manne da dutsen, ya sa a takarda busasshiya, ya rubuta wuri da rana da irin abin da ya samu a jikinsa. In samfurin ya zo babu waɗannan ƙwayoyi, sau da yawa ko babban gwani iyakarsa ya faɗi dangi, ba zai iya kai wa ga nau'i ba.